Babur ɗin kwalta da daji: abin da mai saye a Zariya zai duba kafin ya biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a bayan Bomo ko Hunƙuyi cikin watan Agusta ya san yadda tafiyar take kasancewa. Da farko burji ne mai jar ƙasa, lafiya lau. Can gaba sai a iske kwalbatin da ruwa ya cinye gefensa, sai kwarin da manyan motoci suka kwaɓe ya koma kamar kunu, sai rafin da ba shi da gada. Mai babur yana nan shi kaɗai, waya ba sabis, gari mafi kusa kuma tafiyar awa guda ce a ƙasa.

Matasan da ke shiga irin waɗannan hanyoyi daga Samaru da Sabon Gari suna da yawa. Akwai masu tattara wa ƙungiyoyi bayanai da waya a ƙauyuka, akwai ɗaliban aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello da bincikensu ke kai su gonaki, akwai masu haɗa sola, da masu saro hatsi ko rake daga Soba, Maƙarfi da Ikara. Akwai kuma waɗanda bidiyon YouTube ne ya saka musu sha'awar doguwar tafiya. Dukkansu suna ƙarewa kan tambaya ɗaya: wane babur ne zai yi kwalta ya kuma yi daji?

Kamfanoni suna kiran wannan nau'i dual-sport, kuma da wannan sunan ake samunsa a intanet. Babur ne mai fitila, madubi da wurin lamba kamar kowane babur na titi, amma an ɗaga cikinsa daga ƙasa, an ba shi dogon shokozoba, babbar tayar gaba da faffaɗan kai. Yamaha DT-1 na shekarar 1968 shi ne ya buɗe wa irinsa kasuwa. Bayan shekara goma, a ƙarshen Disambar 1978, aka fara tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa Agadas da Yamai a Nijar. Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya, wanda iska ke sanyaya injinsa, kuma da ƙafa ake tayar da shi. Sunan Ténéré da Yamaha ke maƙala wa manyan baburanta har yau daga hamadar Nijar aka samo shi. Wato babur ɗin da ya fara cin Sahara ba shi da wani sarƙaƙƙen abu a jikinsa da bakaniken Sabon Gari zai kasa ganewa.

Lambar cc da maganar nauyi

Mai saye yakan fara da tambayar cc nawa ne, kamar yadda mai sayen waya ke fara tambayar megafiksel nawa kyamara take da shi. Lambar tana da ma'ana, amma ba ita ce ke nuna ko abin zai yi aiki ba. Girman cikin silinda kawai take nunawa. A hanyar burji mai ramuka, da wuya mai hankali ya wuce gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, kuma injin 125 ma yana yin wannan ba tare da ya wahala ba. Inda ƙarfin inji ke amfani shi ne babban titi. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, zuwa Kano kuma kimanin 160, kuma ƙaramin babur da ke jin daɗin gudun 70 zuwa 80 zai sha iskar tireloli a wannan hanya. Wanda yawancin tafiyarsa a irin wannan titi take, yana da hujjar neman 200 ko 300.

Abin da ya fi cc muhimmanci a daji shi ne nauyi, domin babur ɗin daji sai ya faɗi. Gwani ma yana faɗuwa, balle ɗan koyo. Yamaha XTZ125 bai kai kilo 120 ba. Honda XR150L yana kusan kilo 130. Honda CRF300L yana da kimanin 142, Hero XPulse 200 kuma ya ɗan haura 150. Daga nan sai a tsallaka zuwa manya: Kawasaki KLR650 na yanzu da Yamaha Ténéré 700 duk sun wuce kilo 200, BMW R1250GS kuwa kilo 249 ne, wato buhun masara biyu da rabi. Gaskiya ne mai ɗaga babur ba dukkan nauyin yake ɗauka ba, tunda tayoyi suna ƙasa. Amma a cikin laka ƙafa ba ta samun wurin tokarewa, kuma ɗagawa ta uku a rana ɗaya ba kamar ta farko ba ce. Wanda ya ɗora jaka, jarkar ruwa da kayan gyara ya ƙara wani kilo 20 ko 30 a sama, inda nauyi ya fi wahalar da mutum.

Masu kallon YouTube suna da misalai biyu da za su kwatanta. Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 don wayar da kai kan cutar shan inna, ya yi tafiyarsa a kan Honda CB500X, kuma yawancin hanyarsa titi ne. Noraly Schoenmaker, 'yar ƙasar Holan mai tashar Itchy Boots, wadda ta fi son hanyoyin da ba kwalta, ta fara yawonta da Royal Enfield Himalayan, amma lokacin da ta ratsa Afirka ta Yamma har Najeriya a 2023, Honda CRF300 Rally take kai. Da ta ƙara sanin daji, sai ta koma babur mai sauƙin nauyi.

Tsayin kujera ma yana cikin wannan lissafi. Kujerar XR150L tana wajen milimita 830 daga ƙasa, ta CRF300L kuma 880. Mutum mai matsakaicin tsayi zai tsaya da yatsun ƙafa ne kawai a kan na biyun. A kan siminti wannan ba komai ba ne, amma a gangaren rafi, inda ƙafar da aka miƙa za ta tarar da rami maimakon ƙasa, faɗuwa ce kai tsaye. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne mai saye ya hau, ya sauke ƙafa ɗaya ta zauna daram, sannan ya nemi izini a kwantar da babur ɗin a hankali a kan tabarma ya ɗaga shi shi kaɗai. Dillalin da ke son ciniki zai yarda.

Zagayen Sabon Gari kafin a taɓa aljihu

Nan ne shawarar da ake karantawa a shafukan Turai da Amurka take daina aiki. Mai rubutu a can yana ɗauka cewa duk abin da ya lalace za a yi odarsa ya iso gida cikin kwana biyu. A Zariya, abin da ke hannun masu kayan gyara na Sabon Gari shi ne abin da ake da shi, kuma abin da ke hannunsu yana bin abin da 'yan acaɓa ke hawa ne: Bajaj Boxer, TVS, Honda Ace, Jincheng, Haojue da danginsu. Idan ba su da abu, sai a jira shi daga Kano, Legas ko kasuwar Nkwo ta Nnewi, cibiyar kayan babur ta ƙasar nan. Idan can ma babu, sai oda daga waje da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda wannan lissafi yake ƙarewa.

Saboda haka, kafin a yi maganar farashi, mai saye ya rubuta jerin abubuwa a wayarsa ya shiga kasuwa da sunan babur ɗin da lambar samfurinsa. Ya tambayi wayar kuloci, faifan kuloci, fulogi, kayan birki na gaba da na baya, sarƙa da sifiroket, fistin da ringi, filtar iska, boris ɗin taya, da tub mai girman tayarsa. Ya tambaya a shago uku ko huɗu, kuma kada ya karɓi amsar "za a samu". Ya ce a nuna masa. Idan rabin jerin ba ya ƙasa, babur ɗin zai yi wata guda a jingine a zaure ranar da ƙaramin abu ya karye. Yana da kyau kuma ya zauna da bakanike ɗaya ko biyu ya tambaye su ko sun taɓa buɗe irin injin. Bakaniken da bai taɓa gani ba zai ce zai iya, kuma a kan babur ɗin mutum zai koya.

Wannan ne ya sa baburan China masu siffar daji, masu 200 ko 250, suke da wata daraja da ba a ba su a intanet. Da yawansu injinsu kwafin Honda CG ne, injin da aka fito da shi a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da canjin baƙin mai a kan lokaci ba. Bakanike a Giwa ko Maigana ya san cikinsa kamar tafin hannunsa, kuma wasu kayansa suna shiga na juna. Rauninsu a jiki yake: notuna masu kwancewa, robobi masu karyewa, wayoyin rim masu saki, da shokozoba da ke mutuwa da wuri. Wanda ya sayi irinsu sai ya saba da ɗaukar sifana yana bin notuna duk mako.

Taya

Babbar tayar gaba ita ce ainihin abin da ya raba babur ɗin daji da na gari. XTZ125, XPulse 200 da CRF300L duk inci 21 ne a gaba, 18 a baya. XR150L yana da 19 a gaba, 17 a baya. Boxer 150 kuwa 17 ne gaba da baya. Dalilin girman a fili yake ga duk wanda ya taɓa tura baro da kuma keke a kan hanya ɗaya: ƙaramar taya tana faɗawa cikin rami ta daki bangonsa, babba kuma tana haye shi. A gargada da yashi, inci 21 yana riƙe hanya, kan babur ba ya rawa sosai.

Sai dai mai faci na ƙauye yana da tub na 17 da 18, ba shi da na 21, kuma wataƙila bai taɓa ganin na 19 ba. Ƙaya kuma ba ta tambayar girman taya. Don haka mai babur mai inci 21 dole ya riƙa yawo da tub nasa, da ƙarafan cire taya, da kayan faci da ƙaramin famfo. Wata dabara da matafiya suka daɗe da sani ita ce, tub na 21 yana iya shiga tayar baya ta 18 na ɗan lokaci har a isa gari, amma na 18 ba zai miƙe ya shiga ta gaba ba. Wanda zai ɗauki ɗaya kawai, na gaba zai ɗauka.

Rim mai wayoyi ya fi na zubi dacewa da daji. Idan ya daki dutse lanƙwasa yake yi, kuma mai gyaran keke ma zai iya daidaita shi, na zubi kuwa tsagewa yake yi, tafiya ta ƙare. Abin da na zubi ya fi shi da shi shi ne yana ɗaukar taya marar tub, wadda ake toshe hujinta cikin minti biyar ba tare da an cire ta ba.

Game da zanen taya, mai manyan haƙora tana cizon laka da kyau, amma kwalta tana cinye ta da sauri, tana ƙara, kuma tana santsi a kan jiƙaƙƙen titi. Wanda zai bi titin Sakkwato daga Samaru zuwa Kwangila kullum, daji kuma sai ƙarshen mako, tayar tsaka-tsaki ce tasa. A yashi ana rage iska kaɗan don taya ta baje, amma idan aka koma kan duwatsu ba a mayar da iskar ba, rim zai tsinke tub.

Mai, ƙura da zafi

Tankin Boxer 150 lita 11 ne. Na XR150L yana tsakanin 10 da 12, ya danganta da ƙasar da aka yi wa shi. XPulse 200 yana da 13, CRF300 Rally yana da 12.8, CRF300L kuwa 7.8 kacal. KLR650 yana ɗaukar 23, amma an riga an ga kuɗin da ake biya da nauyi. Alƙaluman shan mai da kamfani ke bugawa a kan shimfiɗaɗɗen titi ake auna su, saboda haka gara mutum ya yi nasa awon: ya cika tanki, ya kunna manhajar da ke ƙirga kilomita a waya, ya yi tafiya irin wadda ya saba, ya sake cikawa, ya raba kilomita da lita.

A ɗauka awon ya ba da kilomita 35 a lita a kan kwalta, ya sauka zuwa 25 a laka da yashi inda ake tafiya da giya ta ɗaya da ta biyu. Tanki mai lita 11 zai ba da kilomita 275. Idan aka ware kashi ɗaya cikin huɗu saboda ɓatan hanya ko komawa baya a bakin rafin da ya cika, saura kimanin 200. Da wannan lissafin, mai lita 7.8 bai kai 150 ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, bambancin shan mai tsakanin 150 da 650 ya zama abin da ake ji a aljihu kowane mako.

A ƙauye, man da za a samu na 'yan bumburutu ne, a kwalba ko galan, wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Nan ne tsohon kafireto ya fi injekta kwanciyar hankali. Idan datti ya toshe kafireto, a gindin bishiya za a kwance shi a wanke a mayar. Injekta yana da famfon mai na lantarki, na'urorin auna iska da zafi, da ƙaramar kwamfuta, kuma idan batir ya mutu gaba ɗaya, turawa ma ba lallai ta tayar da shi ba. A gefe guda, injekta ya fi tsimin mai kuma yana tashi nan take da sanyin asubar hunturu. Wanda ke da bakaniken da ke da na'urar karanta matsalarsa zai ji daɗinsa. Ga sauran mutane, kafireto tare da ƙaramar filtar mai da aka ƙara a kan tiyo ya fi. Haka nan babur mai kik tare da sitata ya fi mai sitata kaɗai.

Injin da iska ke sanyayawa ba shi da lagireto da reshe ko dutse zai huda, kuma wannan ya isa dalili. Abin da yake buƙata shi ne a wanke lakar da ta bushe a tsakanin haƙarƙarinsa, a kuma canja baƙin mai da wuri a zafin Maris da Afrilu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Filtar iska ta soso ana wanke ta a shafa mata mai a mayar, ta takarda kuma sai dai a sayi sabuwa. Ƙurar da ta wuce filta ita ce ke cinye ringi, babur ya fara hayaƙi tun bai tsufa ba.

Baburan lantarki ba su shiga wannan zance ba tukuna. Tashoshin sauya batir a manyan birane suke.

To Boxer fa?

Tambayar da kowane ɗan Zariya zai yi ke nan, kuma tana da ƙarfi. Babur ɗin da ya fi kowanne shiga dajin Arewa a yau ba XR ba ne, Boxer ne da 'yan uwansa, ɗauke da mutum uku ko buhu biyu. Yana da doguwar kujera mai faɗi, kariya mai ƙarfi, da murfin da ke rufe sarƙa daga ƙura da yashi. Wannan murfi ba ƙaramin abu ba ne: Yamaha AG200, babur ɗin gona da ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi suka daɗe suna amfani da shi a karkarar Afirka, shi ma rufaffiyar sarƙa gare shi. Murfin yana kuma hana bakin jallabiya ko zanen wadda aka goya shiga sarƙa, abin da masu ƙera baburan daji a Japan ba su yi tunaninsa ba.

Inda Boxer ya gaza shi ne tazarar cikinsa daga ƙasa, wadda ba ta kai milimita 200 ba, alhali XPulse yana da 220, XTZ125 yana da 260, CRF300L kuma 285. Shokozobansa gajere ne, an yi shi don ɗaukar kaya a hankali, ba don shanye rami da gudu ba. Bayan awa huɗu a gargada, baya da wuyan hannu su ne za su faɗi bambancin. Tsayuwa a kan matakai, wadda ita ce hanyar wuce wuri mai wuya, ba ta da daɗi a kansa domin kansa a ƙasa yake. Bajaj ta fitar da samfurin Boxer 150 mai ɗagaggen madigadi da tayar tsaka-tsaki don irin waɗannan hanyoyi, kuma mai tsohon samfuri zai iya kusantar haka da kuɗi kaɗan: tayoyi masu haƙora, farantin ƙarfe da mai walda zai yi wa ƙasan inji, da sifiroket na baya mai ƙarin haƙori biyu ko uku, wanda ke ƙara ƙarfin ja ya rage gudu.

Hukuncin ya danganta da aiki. Wanda zai riƙa goyo ko ɗaukar kaya, kuma kuɗinsa a ƙirge suke, Boxer ko TVS mai 150 da aka gyara wa taya ya ishe shi, kuma ba zai taɓa rasa mai gyara ba. Wanda zai yi doguwar tafiya shi kaɗai a mugunyar hanya, kwana da kwanaki, XR150L ko XTZ125 sun fi, muddin zagayen kasuwa ya nuna akwai kayansu. Mai 300 na wanda ke da kuɗin ajiye kayan gyara a gida ne. Daga 650 zuwa sama kuwa, a hanyoyin ƙauyukan Zazzau, wahala ce mai tsada.

Na hannu, takardu da tsaro

Yawancin baburan daji na asali da ake gani a Arewa na hannu ne, wasu daga gwanjon ƙungiyoyi, wasu daga ƙetare. A je duba shi da safe, injin a sanyaye, domin wanda aka ɗumama kafin mai saye ya iso yana iya ɓoye wahalar tashi. A duba hayaƙin salansa, a duba ko mai na tsatsa a ƙafafun gaba, a ɗaga tayar gaba a juya kai a ji ko yana sarƙewa, a girgiza tayar baya gefe da gefe. Haƙoran sifiroket da suka yi tsini suna nuna babur ya yi tafiya fiye da abin da mita ke faɗa. Sabon fenti a wuyan firam yakan rufe walda.

Lambar inji da ta firam dole su yi daidai da abin da ke kan rasit da takardun kwastam. Satar babur ta yi yawa, kuma wanda aka kama da na sata shi ne zai yi bayani. Sai lamba, lasisin tuƙi rukunin A, da hular kwano, wadda aka fara tilasta sanyawa a ƙasar nan tun 1 ga Janairun 2009. A cikin gari KASTLEA da jami'an kiyaye haɗurra ne za su tambaya, a daji kuma sojoji da 'yan sa-kai.

Ba a maganar shiga daji da babur a wannan yanki a tsallake batun 'yan bindiga, domin su ma da babur suke yawo. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur a faɗin jihar na wata uku, aka katse layukan waya a wasu yankuna, kuma an hana sayar da mai a jarka a ƙananan hukumomi irin su Giwa da Birnin Gwari. Irin wannan doka tana iya dawowa, saboda haka a bincika kafin a ɗaura jarkar mai a baya. Yammacin Giwa zuwa Birnin Gwari ba wurin yawon buɗe ido ba ne. A sauran wurare ma, baƙon da ya shigo ƙauye da rufaffiyar fuska da kaya masu kama da na soja yana jawo wa kansa zargi. A cire hula a bakin gari, a yi sallama, a tambayi 'yan acaɓan wurin halin hanya, a kuma lissafa tafiya yadda za a koma kwalta kafin magariba.

Wayar da za ta yi tafiyar

GPS ba ya buƙatar data ko sabis, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina. Taswirar ce ke buƙatar saukewa tun a gida. Google Maps yana ba da damar ajiye yanki, amma OsmAnd da Organic Maps, masu amfani da bayanan OpenStreetMap, sukan nuna ƙananan hanyoyin da babu su a wancan, kuma suna iya zana layin inda aka bi, wanda shi ne zai dawo da mutum idan hanyoyin gona suka rikice masa. Babu taswirar da ta san kwalbatin da ya karye jiya. Aika wurin da ake kai tsaye ta WhatsApp yana aiki har awa 8, amma yana tsayawa inda sabis ya tsaya, haka ma na'urar bin sawu mai layin waya da ake ɓoyewa a jikin babur. Don haka a gaya wa wani a gida sunayen garuruwan da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa.

Kada a ɗaura babbar waya mai tsada a kan babur. A Satumbar 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata sashen kyamarar iPhone da ke hana hoto rawa, kuma wayoyin Android masu irin wannan fasaha su ma ƙananan sassa masu motsi ne a cikinsu. Ranar Afrilu kuma tana sa waya ta yi zafi ta daina caji ko ta rage haske. Tsohuwar Android mai arha, da mariƙi mai roba a ciki, ita ce ta dace da kan babur, babbar kuma ta zauna a aljihu cikin leda. Wasu samfuran TVS HLX suna zuwa da wurin cajin USB. Wanda zai sa nasa ya ce wa mai wayarin ya haɗa shi ta bayan makulli tare da fiyus, domin wanda aka jona kai tsaye da batir yana tsotsar wuta ko babur a kashe yake, kuma da safe sitata ba za ta amsa ba.